Yadda Ake Kwance Tsohon Gini a Kaduna Ba Tare da An Yi Asarar Kayansa Ba

Tun lokacin da tsofaffin gidajen Unguwar Rimi, Unguwar Sarki, Tudun Wada da Kakuri suka fara komawa hannun masu son gina benaye da rukunin shaguna, tambaya guda masu karatu suke ta maimaita mini: idan mutum ya gaji tsohon gida ko ya saya, kuma sauke shi ya zama dole, yaya zai yi ya tsira da katakonsa, jan bulonsa, ƙofofinsa da kwanonsa? Abin da aka saba gani shi ne a kira katafila da hantsi, kafin la'asar gida ya zama tudun ɓaraguzai, 'yan gwangwan su tsinci ƙarafa, tifa ta kwashe saura. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin a cikin tudun nan akwai katakon maɗaci da ya shekara sittin ko saba'in yana riƙe da rufi bai lanƙwashe ba, wanda da wuya a samu irinsa a wurin 'yan katako yau.

Kaduna ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Gadar Gwamna Lugga da ke lambun Gamji a nan Kaduna, a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo ta nan aka sake ɗaurawa, kuma tun 1956 tana cikin kayan tarihi na ƙasa. Ƙa'idar kwance kowane gini ita ce: abin da magini ya sa a ƙarshe shi ake fara cirewa, abin da ya fara sawa shi ne na ƙarshen taɓawa.

1. Takardu da izini

Kafin a zare ƙusa ko ɗaya, a tabbatar da cewa mai ba da umarnin kwancewa yana da hurumin yin haka. Idan gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu a takardar amincewa a gaban shaidu, har da mata da waɗanda suke zaune a wani gari, kuma a rubuta ƙarara yadda za a raba kuɗin kayan da aka fitar, domin sau da yawa rigimar ba a kan fili take tashi ba, a kan kwano da ƙofofin da wani ya kwashe da dare take tashi. Idan sayen gidan aka yi, a duba matsayin takardar filin a hukumar kula da takardun filaye ta jihar, wato KADGIS, sannan a nemi izinin rushewa a hukumar tsara birane ta jihar, wato KASUPDA. Masu haya a ba su sanarwa a rubuce da isasshen lokaci. A je a gaida mai unguwa a sanar da shi, a kuma shiga wurin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, musamman wanda kuke tarayya da shi a katanga.

Gargaɗi: Dokar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta haramta lalata ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi, ta kuma hana saye da sayar da kayan sassaƙa da na fasahar gida da aka yi kafin 1918, irin su ƙofofi da ginshiƙai masu ado, sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi. Duk wanda yake zaton gininsa ya shiga wannan sahu, ya fara zuwa gidan tarihi da ke kan titin Ali Akilu ya yi tambaya. A ganina ma, gidan da bangonsa yake tsaye sosai, rufinsa kaɗai ya gaji, gyara ya fi cancanta da shi, kuma ya kamata mai shi ya ji wannan shawara daga bakin injiniya kafin ya yanke hukunci.

2. Zagaye da lissafin kaya

Wannan mataki shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma a nan ne ake cin riba ko a tafka asara. A ware yini guda a zagaya gidan tare da injiniya da kafinta da birkila, ɗaki bayan ɗaki, da littafi da alli da waya mai ɗaukar hoto. Aikin injiniya shi ne ya nuna bangon da yake ɗauke da nauyi da wanda raba ɗaki kawai yake yi, ya nuna inda aka yi ƙari daga baya, da kuma tsagar da take nuna cewa bango ya riga ya rabu da ɗan'uwansa. Tsofaffin gidajen Kaduna ba safai suke zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Za a tarar da ɗakunan asali na jan bulo ko na laka da aka shafe da siminti, sannan kicin da banɗaki na bulon siminti da aka liƙa musu bayan shekaru, kuma kowanne da hanyar saukarsa.

Kowace ƙofa da kowace taga a ba ta lamba, a rubuta lambar da alli a jikinta da jikin firam ɗinta, a auna tsawo da faɗi a rubuta a littafi. A ɗauki hoton kowace fuska ta gidan daga waje, da kowane ɗaki daga ciki, da duk wani ado ko rubutun shekara da aka gani a goshin ƙofa.

Katako ana gwada shi ne da sukundireba. A soka bakinta a ƙarshen katakon, wurin da ya shiga bango, domin a nan gara da danshi suke fara ɓarna. Idan ta nutse ba wuya, ko aka ƙwanƙwasa aka ji amo irin na ganga, gara ta cinye cikinsa ta bar fata. Idan ta tsaya cak, katakon yana da sauran rai. Kwaɓin da ke tsakanin bulo kuma ana kankararsa da ƙusa: idan ya zube kamar gari, na laka ne ko na farar ƙasa da yashi, kuma yawancin bulon zai fita lafiya, idan ƙusar ta zame ba ta yi ko alama ba, siminti ne mai ƙarfi, sai a rage buri, domin da yawa za su fashe.

Daga wannan zagaye za a fito da jeri uku: abin da za a mayar cikin sabon gini, abin da za a sayar, da abin da za a zubar.

3. Kuɗi da yarjejeniya

Kwancewa da hannu ta fi katafila cin lokaci da kuɗin leburori, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Abin da yake mayar da kuɗin shi ne kayan da aka tsirar da kuma raguwar sawun tifa, tun da duk bulon da aka ajiye ba za a biya kuɗin kwashe shi ba. A lissafa kuɗin izini, kuɗin injiniya, ladan kafinta da birkila da leburori, hayar tsani da katakon tsayawa, kayan kariya, mai gadi, wurin ajiya, da sawun tifa na ɓaraguzai. Sannan a ɗauki littafin nan a shiga kasuwar Panteka da wurin 'yan katako a tambayi farashin sabo da na tsoho na kowane abu a ranar, a wurin mutum uku aƙalla. Kwano a lissafa shi da bandir, falle 20 ke nan, katako kuma da tsawon ƙafa 12 da ake sayar da sabo, don kwatancen ya yi daidai.

Gargaɗi: Kada a sayar da gida a tsaye ga dillali a kan kuɗi dunƙule kafin a yi wannan lissafi, domin shi ya san darajar abin da yake kallo, mai gida ne bai sani ba. Haka kuma kada a ba leburori aikin a kan jinga. Wanda aka yi wa jinga saurin gamawa ne ribarsa, zai fasa abin da ya kamata ya zare. A biya su kuɗin yini, a ƙara musu wani abu a kan kowane bulo ɗari da suka fitar lafiya suka kankare, za a ga yadda hannunsu zai yi laushi. A kuma faɗa tun farko cewa ƙarfe da waya na mai gida ne, ba na wanda ya tsinta ba.

4. Lokaci, kayan aiki da shirin fili

Lokacin aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris. Wanda ya yaye rufi a watan Agusta ya miƙa katako da bangon laka ga damina.

Kayan aikin ba su da yawa: guduma mai cire ƙusa, kurfi, dogon ƙarfen ɓamɓara, zarto na katako da na ƙarfe, sukundireba, sufana, filaya, cokalin gini, diga, shebur, baro, igiya mai kauri, tsani biyu, da sandunan tokara masu ƙarfi. Kowane ma'aikaci ya samu hular kwano, safar hannu, tabarau, takunkumi mai tace ƙura sosai, da takalmi mai kaurin ƙasa, domin ƙusa mai tsatsa ita ce raunin da aka fi samu a irin wannan aiki, kuma silifa ba ta tare ta. A kewaye wurin da tsohon kwano saboda yara, a share gefe guda na fili a keɓe shi don jera kaya, nesa da inda bango zai iya faɗowa.

Sai a sa kamfanin wutar lantarki ya cire waya daga fal-waya ya ɗauke mita, a rufe ruwan famfo daga bakin titi, a zubar da ruwan tanki. Kashe makunni a cikin gida bai wadatar ba, domin a tsofaffin unguwanni ana samun wayar da aka ja daga gidan maƙwabci shekaru da dama da suka wuce, kowa ya manta da ita. Mai wayarin ya gwada kowane layi kafin a taɓa.

5. Ƙofofi, tagogi da kayan ciki

Ana farawa da abin da ba ya ɗauke da nauyin komai: fitilu, fanka, makunnai, kan famfo, bahon wanka, kwanon wanke hannu, kabad da kantocin bango. Daga nan sai ƙofofi. A kwance ƙyauren daga hinjinsa, kuma idan fenti ya toshe kan sukurori, a kankare shi da bakin wuƙa, a ɗiga mai a bar shi ya kwana, maimakon a ɓalle da ƙarfi a tsaga katakon. Sakata, mariƙi, kuba da sukurorin kowace ƙofa a zuba su a ƙaramin buhu, a rubuta lambar ƙofar, a ɗaure a jikinta. Da yawa daga cikin waɗannan mariƙai na tagulla ne da fenti ya rufe, ana ganewa idan aka kankara aka ga launin rawaya, kuma maganaɗisu ba ya kama su.

Firam ya fi ƙyaure wuya, domin an kafe shi a bango da ƙarafa ko manyan ƙusoshi. A sassare filastar da ke kewaye da shi har a ga maƙalan, a yanke su da zarton ƙarfe, sannan a buga wani katako a gicciye a ƙasan firam ɗin kafin a zare shi, don kada ya karkace. Tagogin luba a fara zare gilasan ɗaya bayan ɗaya, a jera su a tsaye a cikin akwati da kwali a tsakaninsu, domin gilashin da aka kwantar a ƙasa ba ya kai labari.

Gargaɗi: Idan aka lura cewa babu linta a saman ƙofa ko taga, wato firam ɗin ne da kansa yake riƙe da bulon da ke samansa, a bar shi a wurinsa sai an sauko da bango zuwa kansa.

A wannan mataki ne ake cin karo da tsofaffin takardu, hotuna, wasiƙu da littattafan ajami a cikin adaka ko a saman kabad. Kada a bari a ƙona su da shara. Iyali su fara dubawa, abin da ba sa buƙata kuma a kai Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi, ko ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna.

6. Silin

Kafin a buɗe silin a leƙa da tocila ta ƙofar rami, domin gidan da ya daɗe a rufe yakan zama mazaunin rina, zuma, jemagu, wani lokaci har maciji. Kashin jemage da ya bushe yana tashi kamar toka kuma yana cutar da huhu, saboda haka a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe.

Babban haɗarin wannan mataki shi ne asbestos. Gidajen ma'aikata da yawa da aka gina daga shekarun 1950 zuwa na 1980 silin ɗinsu fallayen asbestos ne masu launin toka, wasu har rufinsu na asbestos ne mai tudu da kwari. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba, cutarwarsa kaɗan ce, amma da zarar an fasa shi ko an yanka, yana sakin zaruruwa da ido ba ya gani, su shige huhu su zauna, kuma cutar da suke haddasawa, har da sankara, takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Don haka a jiƙa kowane falle da ruwa, a cire siraran katakan da suka danne shi, mutum biyu su sauko da shi ɗungurungum, a naɗe shi da leda mai kauri ninki biyu a ɗaure, sannan a tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jihar, KEPA, a kan inda za a kai shi. Kada a yi shara da tsintsiya a busasshen ɗaki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a jefa shi cikin ledar. Ma'aikata su wanke jikinsu su canza kaya a wurin, kada su kai ƙurar gida wurin 'ya'yansu.

Gargaɗi: Asbestos ba ya cikin kayan da ake sayarwa ko a bayar kyauta, ko da falle ya fita lafiya, ko da wani ya roƙa don ya rufe akurkin kaji. Bayar da shi ba taimako ba ne.

7. Rufi

Rufin kwano daga ƙasa ake jera shi zuwa sama, saboda haka daga sama ake kwance shi: a fara cire murfin doro, sannan layin sama, a sauko layi bayan layi. A sa guntun katako a ƙarƙashin guduma lokacin zare ƙusa don kada kwanon ya loɓa, kuma ma'aikaci ya riƙa taka daidai layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa, ko ya shimfiɗa falanki ya tsaya a kai. Kowane falle a zura shi da igiya ko a miƙa wa na ƙasa. A daina aikin idan iskar hunturu ta yi ƙarfi, domin falle guda da iska ta fizge ya isa ya yi kisa. Tsohon kwanon da aka rufa kafin zuwan na yanzu yakan fi kauri nesa ba kusa ba, kuma tsatsar sama ba ta nufin ya mutu, sai an ɗaga shi an ga haske yana ratsawa.

Bayan kwano sai ƙananan katakan da aka buga shi a kansu. A nan ne ake yin kuskure mafi muni. Waɗannan katakai su ne suke riƙe da manyan raftoci a tsaye, kuma idan aka cire su duka lokaci guda, raftocin sukan kife ɗaya a kan ɗaya. A fara buga katakon tokara a karkace tsakanin raftocin, sannan a riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshen gini, ana ɗaure kowanne da igiya kafin a saki ƙafafunsa. Inda aka haɗa da noti, a kwance da sufana, kada a yanka da zarto don neman sauƙi, domin darajar tsohon katako a tsawonsa take. Bangon nan mai siffar dala da ke ƙarshen rufi, da zarar raftoci sun bar shi ba shi da mataimaki, a sauke shi a ranar, kada ya kwana.

Rufin soro hukuncinsa daban ne. Nauyin yana sama, wato ƙasar da aka daɓe, saboda haka ita ake fara kwashewa da shebur daga gefe zuwa tsakiya, sannan zana ko karan da aka shimfiɗa, sannan azara ɗaya bayan ɗaya, kuma duk tsawon wannan lokaci babu wanda zai shiga ɗakin. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa takan fita da ƙarfinta bayan shekaru masu yawa, kuma tun da giginya ta yi ƙaranci, kowace guda abin tattali ce. Ɗakin da yake da bakan gizo ko ɗaurin guga, wato rufin soro da ke tsaye a kan bakuna, kada a bar wa leburan zamani. Bakunan suna jingine ne da juna, azarar cikinsu kuma a ɗaure take daki-daki a cikin laka, wanda ya sare ƙafa guda ya saki rufin gaba ɗaya. A nemo magini na gargajiya, ko da daga Zariya za a ɗauko shi, a kuma ba shi girmansa a bar shi ya jagoranci aikin.

8. Bango

Daga sama ake sauke bango, layi bayan layi, ana zagaya ɗakin don tsawon bangayen ya riƙa tafiya daidai, ma'aikaci kuma yana tsaye a kan katakon tsayawa, ba a kan bangon ba. A sa kurfi a layin kwaɓi, ba a jikin bulo ba, a buga a hankali har ya saki. Kada a jefa bulo ƙasa, a jingina falanki ya gangaro a kai ya sauka a tulin yashi. Wanda yake ƙasa ya kankare kwaɓin da cokalin gini nan take, ya gwada biyu da juna: mai ƙara kamar ƙarfe lafiyayye ne, mai amon tukunyar da ta tsage a ware shi don daɓen tsakar gida. A jera su ɗari-ɗari don sauƙin ƙirga, kada tsawon jerin ya wuce ƙirji.

Idan aka iso linta, a tokare ta daga ƙasa, a cire bulon da ke samanta da gefenta, sannan a sauko da ita da igiya da isassun mutane. Bulon siminti ba kasafai yake fita lafiya ba, kada a ɓata kuɗin yini a kansa, a fasa shi a ajiye don ciko. Bangon laka kuma ƙasarsa ita ce dukiyar, domin an riga an zaɓe ta an kwaɓa ta ta nuna. A tara ta wuri guda ba tare da ta gauraya da filastar siminti ba, a jiƙa a sake takawa da ciyawa idan za a yi sabon tubali.

Gargaɗi: Sarar gindin bango a tura shi ya faɗi hanya ce da take kashe leburori, domin bango ba ya faɗuwa inda aka umarce shi. Duk wanda aka gani ya kai diga gindin bango a tsayar da shi nan take. Bene mai dekin kankare kuma ba aikin guduma da ƙarfin tuwo ba ne, sai da tsarin injiniya a rubuce da tokara a ƙasa.

9. Daɓe, harsashi, rijiya da sokawe

Tayil na da, wanda aka ɗora a kan kwaɓi mai laushi, yana ɗaguwa idan aka fara daga bakin ƙofa da faffaɗan kurfi. Daɓen tarazo ba ya fita lafiya sai a ƙananan yankuna. Duwatsun harsashi kuwa ba sa tsufa, a tono su a tara. Rijiya da ramin sokawe a rufe bakinsu da falanki tun ranar farko, kada kowa ya shiga cikinsu saboda gurɓatacciyar iskar da take kashe mutum cikin mintuna, a sa mota ta zuƙe sokawe, a cike shi da ɓaraguzai kaɗan-kaɗan ana dannewa, a kuma nuna wa injiniyan sabon gini daidai wurin a kan zane don kada harsashi ya hau kai.

10. Gyara da ajiya

Kayan da aka sha wahala aka fitar lafiya sukan lalace a wurin ajiya cikin wata biyu. Katako a zare masa ƙusa gaba ɗaya a ranar da ya sauko, a yanke ƙarshen da gara ta taɓa, a ƙona guntayen nesa da sauran. A ɗora shi a kan bulo, sama da ƙasa da kamar ƙafa ɗaya, a sa siraran sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, a rufe sama da kwano a bar gefe a buɗe, a inuwa, domin rana da iskar hunturu suna tsaga shi. Wanda zai koma rufi a shafa masa maganin gara irin su Solignum. Baƙin mai da wasu suke shafawa yana ɓata katakon da za a yi kujera ko ƙofa da shi, ba ya karɓar fenti bayan haka. Kwano a jingina shi a karkace don kada raɓa ta kwanta a tsakani. Ƙofofi a tsayar da su a ɗaki mai makulli.

Gargaɗi: Tsohon fentin mai sau da yawa yana ɗauke da dalma, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kada a babbake shi da wuta, kada a goge shi a bushe da injin, a jiƙa a kankare a tattara ɓawon a leda. Katako mai fenti ko mai maganin gara kada a bayar da shi a matsayin itacen girki ga masu ƙosai ko masu tsire.

11. Sayarwa da mayarwa cikin sabon gini

Ƙarfe a ware shi kafin a kira mai saye: jan ƙarfe daban, tagulla daban, alminiyam daban, baƙin ƙarfe daban, domin idan aka haɗa, da farashin mafi arha za a auna duka. A tsaya a kan sikeli da kai, a kuma gwada shi da abin da aka san nauyinsa, kamar buhun siminti mai kilo 50. Waya a fere ta da wuƙa, kada a ƙona robar. A wasu tsofaffin gidaje ana samun kwangirin jirgin ƙasa da aka gitta a matsayin linta; a ɗauki hotonsa tun yana cikin bango, a riƙe takardar izinin rushewa, domin wanda aka tare da kwangiri a mota ba tare da hujja ba, tuhumar ɓarnata layin dogo ce za ta hau kansa. Maƙeran Panteka suna iya gyara tsohuwar ƙofar ƙarfe ko taga ta dawo aiki, sau da yawa hakan ya fi sayar da ita a kilo.

Gargaɗi: Rodin da aka fasa kankare aka ciro aka miƙar da guduma kada ya koma cikin fila, linta ko dekin. Ya riga ya gaji, wurinsa shi ne ƙarfen taga ko shinge. Haka tsohon katakon da zai sake ɗaukar rufi, sai kafinta da injiniya sun duba shi ɗaya bayan ɗaya.

Jan bulo yana yin kyau a zaure, katangar gaba, dakali da daɓen tsakar gida, kuma a gina shi da kwaɓi mai sauƙin siminti don ya yi numfashi, wani ma ya iya kwance shi gaba. Littafin awo da aka rubuta a mataki na biyu a miƙa shi ga mai zanen sabon gida tun kafin ya ja layin farko. Ƙofofin zamanin da sukan fi na yanzu tsawo da faɗi, kuma idan birkila ya riga ya bar gurbi a kan awon kasuwa, ƙarshenta kafinta zai sa zarto ya rage ƙyauren, ya yanke haɗin da yake riƙe da shi. A zana gurbin a kan awon ƙofar haɗe da firam ɗinta, a ƙara kamar rabin inci a kowane gefe don shigar firam, a kuma rubuta lambar ƙofar a kan zanen daidai ɗakin da za ta koma.